Daga Allo Zuwa Laftof: Tarihin Ƙaramar Kwamfutar Ɗalibi Da Abin Dubawa Kafin A Saya

Duk shekara idan sunayen waɗanda suka samu gurbin karatu suka fara fitowa, tambaya guda ce ke yawan zuwa teburin masu gyara irinmu: wace ƙaramar laftof zan saya in riƙa ɗaukar darasi a lacca? Mai tafiya ABU Zariya ya tambaya, mai tafiya Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma ya tambaya, haka 'yan Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa da na Kwalejin Isa Kaita. A nan Tsiga da kewayen Bakori kuwa, kuɗin wannan kwamfuta ba daga albashi yake fitowa ba. Masara ce ake ɗaurewa a kai Dandume ko Funtuwa, ko waken suya, wani lokacin ma ragon da uwa ta shekara tana kiwo. Idan aka sayo wadda ba ta yi ba, to babu sake wata sai wata kakar.

Shi ya sa yau ba sunan kwamfuta kawai zan jefo muku in wuce ba. Ƙananan kwamfutocin nan da kuke gani a jere a shagunan Farm Centre a Kano, ko a wajen dillalai a Zariya da Funtuwa, kusan duk na hannu ne. Kowace tana da zamanin da aka ƙera ta, tana kuma da dalilin da ya sa masu ita na farko suka rabu da ita. Wanda ya san wannan tarihin, da wuya a sayar masa da gawa.

Kafin kowace kwamfuta, ɗalibin ƙasar Hausa yana da abin ɗaukar darasinsa, wato allo. Ka dube shi da idon mai gyara. Itace ne, ba ya buƙatar caji, ana karanta shi a rana tsaka, tawadarsa gawayi ce da ƙaro waɗanda ba ƙauyen da babu su, idan ya tsage kuma masassaƙi na nan kusa. Aibinsa ɗaya, ba ya ajiya. Ka haddace, ka wanke, ka rubuta na gaba. Ajiya aikin takarda ce, ita kuwa takarda a ƙarni na 19 daga nesa take zuwa. Da yawa daga cikin littattafan hannu na malaman Katsina da Kano da Sakkwato an rubuta su ne a kan takardar Italiya mai tambarin jinjirin wata uku, wadda fatake ke ƙetaro Sahara da ita. Saboda tsadarta ba a ɓata ta a aikin yau da gobe, sai abin da ake so ya zauna, a sa a gafaka a rataya. Ka ga ke nan tun a wancan lokacin an raba abu biyu, abin rubutun gaggawa daban, ma'ajiya daban.

Da boko ya shigo, daga makarantar Hanns Vischer da aka fi sani da Ɗan Hausa a Nasarawan Kano a 1909, zuwa Kwalejin Katsina da aka buɗe a 1922, inda su Ahmadu Bello da Abubakar Tafawa Ɓalewa suka yi karatu, sai littafin rubutu ya haɗa aikin biyu wuri guda. Aka yi fensir, aka yi alƙalamin tsomawa a tawada, daga baya biro ya zo. Lokacin UPE a 1976 littafin rubutu ya shiga ƙauyukan da a da ba a san shi ba. Har yau ɗin nan biro da littafi ne ke ɗaukar mafi yawan laccar da ake yi a Arewa, kuma ba abin kunya ba ne.

A can Amurka, tun 1972 wani masani mai suna Alan Kay ya rubuta bayanin wata kwamfuta da ya kira Dynabook, shafaffa kamar littafi, wadda yaro zai ɗauka ya tafi da ita makaranta. A takarda ta tsaya, don kayan haɗa ta ba su samu ba a lokacin. Wadda ta fara karɓuwa a kasuwa da sunan kwamfutar ɗauka ita ce Osborne 1 a 1981. Nauyinta ya haura kilo 10, fuskarta inci 5 kacal, farashinta dala 1,795, kuma sai an jona ta da wuta take aiki. Kamar dai ka ɗauki keken ɗinki ka shiga aji da shi.

Wadda ta burge ni a duk wannan tarihin ita ce TRS-80 Model 100, ta 1983, wadda kamfanin Kyocera na Japan ya ƙera, Radio Shack ke sayarwa. Layi 8 kawai fuskarta ke nunawa, kowane layi harafi 40. Ba launi, ba hoto. Amma nauyinta bai kai kilo 2 ba, tana da kibod mai daɗin bugawa, kana kunna ta take tashi, sannan batir huɗu irin na agogon bango ke riƙe ta wajen awa 20. 'Yan jarida suka rungume ta, suna rubuta labari a filin wasa ko a cikin mota. Akwai kwamfutocin da suka fi ta ƙarfi nesa ba kusa ba a lokacin, amma ita ce ke tare da mutum a daidai lokacin da ake magana yana so ya rubuta. Bayanta an yi wata mai suna AlphaSmart don makarantun Amurka, ita ma kibod ce kawai da 'yar fuska, samfurinta na Neo yana yin ɗaruruwan awanni da batir uku. An daina ƙera ta a 2013. Idan aikin rubutu ne zalla, waɗannan biyun sun nuna cewa ba ƙarfin inji ake nema ba, a tashi da wuri kuma a daɗe ba a mutu ba.

Mu dawo gida. A 2001 aka fara GSM a Najeriya, a shekarar kuma kamfanin Zinox ya fito da kwamfuta mai sunan gida. Amma ɗalibin wancan lokacin ba ya mafarkin mallakar laftof. Furojet ɗinsa da hannu yake rubutawa ya kai shagon buga takardu, intanet kuma sai a kafe, ana biya da awa.

Sai ga wani babban alkawari. A Janairun 2005 Nicholas Negroponte na jami'ar MIT ya sanar da shirin One Laptop per Child, wato kowane yaro da laftof ɗinsa, a kan dala 100. A Nuwamban shekarar aka nuna samfurinta a Tunis tare da Kofi Annan, sakataren Majalisar Ɗinkin Duniya na lokacin. Tana da mariƙi a gefe da za a riƙa juyawa da hannu don ta yi caji, kuma a wajen nunin ne mariƙin ya ɓalle. Daga baya aka cire shi daga jikinta gaba ɗaya. Duk da haka wadda aka ƙera, mai suna XO, kore da fari, an yi tunani a kanta. Fuskarta, wadda Mary Lou Jepsen ta tsara, ana iya karanta ta a cikin rana. Kibod ɗinta roba ce a rufe don ƙura da ruwa. Ba ta da faifan ajiya mai juyawa da zai lalace idan ta faɗi. Kuma an yi ta yadda sukundireba ɗaya zai buɗe ta.

Najeriya na cikin ƙasashen farko da suka nuna sha'awa, a zamanin Obasanjo har ana maganar guda miliyan ɗaya. A 2007 aka raba wajen guda 300 a makarantar firamare ta Galadima da ke gefen Abuja don gwaji. Yara suka kama ta da sauri, har aka ruwaito sun buɗe ɗan asibitin laftof suna gyara wa junansu. Wannan wurin yana min daɗi, don ya nuna abin da ke faruwa idan aka ƙera abu don a iya buɗe shi. Matsalar ba daga yaran ta fito ba. Sai da aka nemo wa makarantar hanyar samun wuta da ta intanet na musamman, waɗanda sauran dubban makarantu ba su da su. Farashin kwamfutar bai tsaya a dala 100 ba, ya doshi 190. Gwamnati ta canza a Mayun 2007, ministan ilimi na lokacin, Igwe Aja-Nwachukwu, ya fito ya nuna shakkarsa kan raba laftof ga yaran da ko kujerar zama ba su da ita. Ana cikin haka wani kamfani mai suna LANCOR ya kai ƙara kotu a Legas, yana cewa an kwaikwayi tsarin kibod ɗinsa na Konyin, mai haruffan harsunan Najeriya irin su ɓ da ɗ da ƙ. Miliyan ɗayan nan dai ba ta zo ba. Uruguay ce ta raba wa duk yaran firamarenta na gwamnati. A Peru kuma, inda aka raba da yawa, binciken da Bankin Raya Ƙasashen Amurka ya fitar a 2012 bai ga ci gaba a lissafi da karatun yaran ba.

XO ba ta mamaye duniya ba, amma ta tsorata manyan kamfanoni. Intel ya fito da tasa mai suna Classmate, aka gwada ta a wata ƙaramar sakandare ta gwamnati a Jabi, Abuja. A ƙarshen 2007 kuma Asus na Taiwan ya saki Eee PC, fuska inci 7, ma'ajiya gig 4, nauyi ƙasa da kilo ɗaya. Nan aka shiga zamanin da ake kira na netbuk. Acer Aspire One, HP Mini, Dell Mini, Samsung, kowa ya shigo, kusan duk da firosesa guda, Intel Atom na 2008. Ɗalibai a duniya suka yi ta saye saboda araha da rashin nauyi.

To amma an ɗaure musu ƙafa tun daga masana'anta. Don kada su ci kasuwar manyan laftof, Microsoft ya kafa iyaka kan irin ƙarfin da za a sa musu kafin ya ba da Windows mai araha. Na zamanin XP RAM ɗinsu gig 1 ne, Windows 7 Starter kuma ba ta wuce gig 2, ko hoton bangon fuska ba ta yarda ka canza. Fuskarsu gajera ce, wasu manhajojin ma maɓallin ƙasa ba ya fitowa. Kibod ɗin ƙananan cikinsu a matse yake, babban mutum ya danna harafi ɗaya biyu su fito. Da iPad ta fito a 2010, wayoyi kuma suka fara girma, sai kasuwarsu ta faɗi. Zuwa farkon 2013 Asus da Acer, waɗanda suka fi kowa ƙera su, sun daina.

Ga inda abin ya shafe ka, ɗan uwa. Waɗannan netbuk ɗin ba su ɓace ba, nan suka gangaro. Har yau ana goge HP Mini a sa mata leda a ce maka ga 'yar ƙarama daidai ɗalibi. Shekarunta sun haura goma. Windows 7 da ke kanta an daina tallafa mata tun Janairun 2020, Chrome ma ya daina sabuntawa a kanta a farkon 2023, don haka shafin rajistar makaranta na iya ƙin buɗewa yadda ya kamata. Batirinta na asali ya daɗe da mutuwa, wanda ke ciki galibi haɗin kasuwa ne. Duk wadda ka ga tambarin Atom a jikinta, ka yi mata sallama ka wuce, komai arahar.

Zamanin tablet zan taƙaita shi. A 2013 gwamnatin Osun ƙarƙashin Rauf Aregbesola ta fara raba wa 'yan babbar sakandare tablet mai suna Opon Imo, ma'anarsa da Yarabanci allon ilimi, an zuba littattafai da tsoffin tambayoyin jarrabawa a ciki. Don karatu tablet ta yi. Don rubutu da sauri a kan gilashi kuwa, malami yana zuba bayani, sai dai in ka haɗa mata kibod ko kana da mai alƙalami, masu alƙalamin kirki kuma ba kuɗin masara ba ne. Gilashinta in ya fashe, sau da yawa nemo irinsa ya fi sayen wata wahala. Muna da su a shago sun shekara suna jiran fuska.

Wadda ta gaji netbuk da gaske ita ce Chromebook, da Google ya fito da ita a 2011 tare da Samsung da Acer. Makarantun Amurka suka karɓe ta, a lokacin korona a 2020 kuma suka saye ta da yawan gaske don yara su yi karatu daga gida. Yanzu suna sauya su, shi ya sa suka cika kasuwanninmu da araha. Gaskiya ina ganin ƙimarsu. Ba su da nauyi, da yawansu ba fanka balle ta shaƙi ƙurar hunturu, suna tashi cikin daƙiƙoƙi, batirinsu in yana da lafiya yana kai yini, na baya-bayan nan kuma da Type-C suke caji. Idan kwas ɗinka na karatu da rubutu ne, irin su Hausa, tarihi, shari'a ko ilimin koyarwa, za ta ɗauke ka.

Sai dai akwai tarko biyu. Na farko, wasu har yanzu a ɗaure suke da makarantar da ta saye su. Ko an wanke su, da zarar sun hau intanet sai su koma suna neman adireshin waccan makarantar. Kada ka biya sai an wanke ta a gabanka, an haɗa ta da intanet, ka shiga da Gmail ɗinka, ka kuma duba ba ta rubuta cewa wata hukuma ce ke kula da ita ba. Na biyu, kowace tana da ranar da Google zai daina sabunta ta, kuma ranar tana rubuce a cikin saitin. A 2023 Google ya tsawaita wa'adin zuwa shekara 10, amma daga lokacin da samfurin ya fito ake ƙirgawa, ba daga ranar da ka saya ba. Ka kuma sani ba Windows ba ce. Ɗan injiniya da zai buƙaci AutoCAD, ko wanda za a ce ya yi lissafin furojet da SPSS, ba tasa ba ce. Wasu dillalan suna tursasa mata Windows su sayar da ita a matsayin laftof, sai ka je gida ka tarar sauti ba ya fita ko wasu maɓallai ba sa aiki. Google Docs kuma yana aiki ba data, amma sai ka kunna wannan damar tun kana da intanet.

Akwai wasu 'yan kyawawa masu launin shuɗi ko ruwan hoda, irin HP Stream na farko-farko, da ke ɗaukar idon 'yan mata musamman. 'Yar uwa, ki tambayi ma'ajiyarta. Idan aka ce gig 32 ce, Windows kaɗai za ta cinye mafi yawanta, sabuntawa ɗaya sai ta ce ba wuri. Abin da ya fi muni, ma'ajiyar da RAM ɗin duk a liƙe suke da dalma a jikin fanel. Ba a ƙarawa, ba a cirewa. Ranar da fanel ya mutu, darasinki na shekara uku yana ciki, kuma mu nan ba mu da yadda za mu ciro shi cikin sauƙi. Wannan shi ne kishiyar abin da yaran Galadima suka samu.

Layin da na fi natsuwa da shi ya fito ne daga wani ɓangaren tarihin, wato kwamfutocin ofis. IBM ya fara ThinkPad a 1992, Lenovo na Sin ya saye sashen a 2005. Dell yana da Latitude, HP yana da EliteBook. Kamfanoni a Turai da Amurka suna sayen su da yawa, su yi 'yan shekaru da su, su sauya gaba ɗaya. Tun da ma'aikatan kamfanin ne za su riƙa gyara su, an yi su da sukurori, an kuma ƙera su da yawa, don haka batir, kibod, fuska da caja duk ana samu a Kano ko a aiko daga Computer Village ta Ikeja. Masu inci 12 zuwa 13 su ne daidai jakar ɗalibi. Ko a cikinsu fa sai an duba. ThinkPad X270 ana zare batirinta na waje da hannu a sa wani, ana kuma canza RAM, amma X280 da ta biyo ta RAM ɗinta a liƙe yake, don haka in za ka saye ta ka nemi mai gig 8 tun farko. EliteBook 830 G5 da Latitude 7290 ko 7390 ana iya ƙara musu.

Wata rana ta shigo cikin lissafin nan, 14 ga Oktoba 2025, ranar da Microsoft ya sa ta zama ƙarshen tallafin Windows 10 na kowa da kowa. Windows 11 kuma a hukumance tana son firosesar Intel daga ƙarni na 8 zuwa sama. Gane shi ba wuya, lambar da ke bin i5 ce, in ka ga 8250U ko 8350U na takwas ne, in 6300U ne na shida. X270 ɗin da na yaba na shida ko na bakwai ce, wato tana ƙasa da layin. Ba wai za ta daina kunnuwa ba ne, za ta yi maka rubutu lafiya, ana ma iya sa mata Linux. Amma ya kamata farashinta ya nuna hakan, kada a sayar maka da ita a kuɗin ta takwas. Tun da aka saki Naira a Yunin 2023 kayan nan suka yi tashin gwauron zabo, ba lokacin biyan kuɗin abin da ba ka samu ba ne. A ganina i5 na takwas, RAM gig 8 da SSD gig 256 sun ishi ɗalibi daga aji ɗaya har ya gama. Kada a ruɗe ka da i7, zafi da shan batir za ta ƙara maka, rubutunka ba zai ƙara sauri ba.

Duk wannan bayanin ƙarƙashin abu ɗaya yake, wuta. Ita ta hana shirin Galadima yaɗuwa, ita ta sa Model 100 ta yi suna. An canza NEPA zuwa PHCN a 2005, an sayar wa kamfanoni a 2013, sunan dai ke canzawa. Kun tuna Oktoban 2024 da layukan da ke kawo wa Arewa wuta suka samu matsala, jihohi da dama suka yi sama da mako a duhu. Zauren lacca mai ɗaukar ɗaruruwan ɗalibai kuma, soket nawa ka taɓa gani a ciki yana aiki? Saboda haka kwamfutar da ba ta yin awa huɗu zuwa biyar ba caji, ba kwamfutar lacca ba ce, ta ɗaki ce.

Kada ka yarda da “batirinta garau ne” a baki. A Windows ka buɗe Command Prompt ka rubuta powercfg /batteryreport, za ta fitar maka da rahoto. A ciki akwai lamba biyu, abin da batirin ke ɗauka lokacin yana sabo da abin da yake ɗauka yanzu. Idan ta biyun ta yi ƙasa da kashi 70 cikin 100 na ta farkon, ka sa kuɗin sabon batir a cikin cinikin. Bayan haka ka cire cajar, ka zauna a shagon rabin awa kana aiki da ita, ka ga yadda lambar ke sauka. Batirin jabu yakan faɗo daga 60 zuwa 10 lokaci guda. Dillalin da ya ƙi barinka ka zauna, ya ba ka amsa ke nan. Ka danna kowane harafi ɗaya bayan ɗaya, ka buɗe murfin ka rufe ka ji ko maƙallin yana ƙara, ka shiga BIOS ka tabbata ba a sa mata kalmar sirri ba. Idan wurin linzamin yatsa ya ɗago sama, batiri ne ya kumbura a ƙasansa. Mai caji da Type-C tana da ƙarin amfani, don fawa bank mai ƙarfi irin na laftof zai iya ɗaga ta, na waya na yau da kullum kam ba zai iya ba. Caja kuma ka nemi ta asali ko da ta hannu ce. Cajar jabu a kan janaretan shagon caji ta kawo mana fanel ƙonanne ba ɗaya ba, ba biyu ba.

Akwai kuma tambayar da ba a cika yi ba, shin dole ne sai da kwamfuta a cikin lacca? A 2014 wasu masu bincike biyu a Amurka, Pam Mueller da Daniel Oppenheimer, suka wallafa sakamakon da ya nuna masu rubutu da hannu sun fi masu laftof amsa tambayoyin fahimta, saboda mai bugawa yakan kwafe maganar malami kalma da kalma ba tare da ya tace ba. Waɗanda suka sake gwajin daga baya ba su ga tazara mai yawa haka ba, don haka ba hukunci ba ne yankakke. Ni abin da na lura da shi ya fi wannan sauƙi. Yawancin yaranmu ranar jarrabawar JAMB, wadda ta koma ta kwamfuta gaba ɗaya tun 2015, ita ce ranar da suka fi daɗewa a gaban kibod, ita ma A, B, C, D ce kawai. Mai neman harafi da yatsa ɗaya ba zai kamo malami ba, lissafi da zane kuma biro ya fi sauri. Dabarar allo da gafaka tana nan da amfaninta, ka ɗauka da biro a aji, da dare ka zauna ka buga shi a tsare, bugawar ma bita ce.

Wanda kuɗinsa bai kai ba kuma, wayar da kake karanta wannan rubutun da ita ta fi Eee PC ƙarfi sau da yawa. Ƙaramin kibod na Bluetooth da ɗan abin jingina waya sun isa ka buga aikin gida a Word ko Google Docs, ka karanta handawut ɗin da ake turowa a WhatsApp. Gboard ma yana da Hausa da ɓ da ɗ da ƙ ɗinta, abin da aka je kotu a kansa a 2007. Ka yi shekarar farko a haka, ka ga abin da sashenku ke buƙata da idonka, sannan a sayar da masarar.

Ko wacce ka saya, kada darasinka ya zauna wuri ɗaya. Ana sata a ɗakin kwanan ɗalibai, ruwa yana zubewa, jaka tana faɗowa daga kan babur. Duk ƙarshen mako ka kwafe a filas, in ka samu data ka tura Google Drive, gig 15 suke bayarwa kyauta. Idan aka tafi dogon hutu ko yajin aiki, irin na ASUU na 2020 da ya ci wata tara ko na 2022 da ya ci takwas, kada ka jefa ta a akwati batir a ƙasa ka tafi gona. Batirin lithium da aka bari babu caji wata da watanni yakan ƙi tashi. Ka bar shi a wajen rabi, ka kashe ta gaba ɗaya, ka ajiye inda ba zafi, duk wata ka ɗan ba ta wuta. Sannan ranar saye ka karɓi rasit mai sunan shago da lambar jikin kwamfutar, ka ɗauki hotonsa a waya. Tsakanin Funtuwa da Zariya ana iya tsayar da mota a ce wa ke da wannan jakar, ina takardarta.